Wuƙa a Tafin Hannu: Gardamar Finafinan Daba Ta Iso Boɗinga da Shagari

Da an sallame sallar isha'i a Boɗinga, in ka bi bakin titin da ya taso daga Sakkwato ya nufi Shagari da Tambuwal, ƙarar ƙananan janareta za ka fara ji kafin ka ga masu su. Shagunan cajin waya ne. Katako cike da soket, wayoyi rututu, kowace da 'yar lamba manne a bayanta, ga tsohuwar kwamfuta a gefe wadda mai shago ke tura wa mutane waƙoƙi da finafinai a memori. A kan bencin ƙofar wani shago na tarar da samari biyar sun haɗa kai a kan waya ɗaya mai tsagaggen gilashi. Babbansu bai wuce shekara ashirin ba.

A cikin wayar wani ƙato ne, idanu jajur, hirami a wuya, yana jan adda a ƙasa tana tartsatsi, yana yi wa kansa kirari da shaƙaƙƙiyar murya. Yana rufe baki benci ya ɗauki ihu. Aka mayar da wurin baya, aka sake kallo, aka kuma sakewa. Ɗaya daga cikinsu har ya miƙe ya gwada tafiyar, kafaɗa ɗaya sama, ɗaya ƙasa. Sai fim ya juya: ga wata tsohuwa zaune a ƙofar ofishin 'yan sanda, mayafinta ya zame, tana kuka tana kiran sunan ɗanta. Mai wayar bai bari ta gama jimla ɗaya ba. Ya sa babban yatsa ya ja fim ɗin gaba, ya ce, "Wuce nan, surutu ne."

Tun ranar nan yatsan yaron ke yi mini yawo a zuciya, domin duk gardamar da malamai da 'yan fim da hukumomi ke yi a kan finafinan daba tana tsakanin wurin da aka maimaita sau uku da wurin da aka tsallake.

Yadda adda ta shigo waya

Fim ɗin Hausa na bidiyo ya fara ne da Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a Kano a 1990, kuma shekaru da dama abin da ya fi cika shi soyayya ce da kishi da rawa da waƙa irin ta Indiya. A lokacin 'yan kasuwar Ƙofar Wambai ke riƙe da wuyan sana'ar. Su ke sayen fim, su buga kaset ko faifai, su raba har Sakkwato da Maraɗi da Agadas. Abin da ba su so ba, ba ya fita. Da satar fasaha da masu turi a memori suka kashe kasuwar faifai, sai aka shiga wani hali, har zaman kullen korona na 2020 ya tura kowa YouTube. Daga nan aka koma fim mai dogon zango, kashi-kashi, mako-mako. Izzar So na Lawan Ahmad ya yi tashe da nasiha da ladabi. A ɗaya gefen kuma A Duniya na Tijjani Asase ya yi tashe da unguwa da lungu da sara, ya fito da Adam Abdullahi Adam, wanda aka fi sani da Daddy Hikima, a matsayin Abale. Sunan ya bi shi har yau, ya kuma bi yara da yawa da abokansu suka laƙaba musu shi a makarantu da tashoshin mota.

Bayan waɗannan sai ƙofa ta buɗe. Duk wanda ke da kyamara ɗaya, da abokai goma, da kango a bayan gari, ya iya shirya nasa. Ba ɗan kasuwa, ba gidan talabijin, ba mai ce masa cire wannan. Wannan 'yanci ne na gaske, kuma shi ya sa a karo na farko aka ji harshen majalisar samari a fim yadda yake, ba Hausar falo ba. Amma 'yancin yana da sabon ubangida. YouTube da yawan masu kallo take biya, kuma kowane mai tasha ya gano cewa hoton jini da wuƙa a fuskar bidiyo ya fi hoton uwa mai kuka jan yatsa. Wanda bai fahimci wannan lissafi ba, ba zai gane dalilin da ya sa faɗa ke ƙara tsawo a kowane kashi, nadama kuma ke ƙara gajarta ba.

Hukuma ta ce a daina

Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ta sa baki fiye da sau ɗaya. A Satumbar 2021, lokacin shugabancin Isma'ila Na'abba Afakallah, ta hana finafinan da ke nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya. A 2024, ƙarƙashin Abba El-Mustapha, wanda shi kansa jarumin fim ne, ta hana finafinan daba da na daudu, a daidai lokacin da faɗan unguwanni ya addabi birnin. A Mayun 2025 kuma ta dakatar da finafinai 22 masu dogon zango, ciki har da Labarina da Daɗin Kowa, bisa cewa ana sakin su ba tare da an kawo an tace ba. A matakin tarayya ma, hukumar tace finafinai ta ƙasa ta fitar da ƙa'idoji a 2024 kan ƙawata shan taba da tsafin neman kuɗi.

Masu goyon bayan hanin suna da hujja, kuma bai kamata a raina ta ba. Abin da iyaye da malaman islamiyya ke faɗa a nan kusan ɗaya ne da na Kano: yaro ba ya kallon darasi, gwani yake kallo. Fim ya kwashe kashi arba'in yana nuna ɗan daba ana tsoronsa, 'yan mata na son sa, manya na ba shi hanya, sannan a kashi na arba'in da ɗaya a harbe shi ko ya tuba, a ce an faɗakar. Wa aka yaudara? Malaman firamare za su gaya maka sun ga yara na yanke karan dawa suna wasan sara a lokacin tara, suna kiran juna da sunayen da suka ji a waya. Akwai kuma kalmomi. Yaron ƙauyen Danchadi ko Kajiji da bai taɓa taka Kano ba, yau ya san ɗanbida da barandami, ya san sunayen ƙwayoyi kala-kala, ya san yadda ake tare mutum a lungu. Dattawan Sakkwato kan ce, "Wanga ba wasa ba ne, karatu ne aka ba ɗiyanmu." A ƙasar da Shehu Usmanu ya zauna a Sifawa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Abdullahi kuma ya zauna a Boɗinga yana karantarwa yana rubutu, maganar tarbiyya ba abar wasa ba ce, kuma ina tare da su a nan ɗari bisa ɗari.

Su kuma masu shirya finafinan amsarsu a shirye take: mu muka kawo daba? Ba su suka kawo ta ba, wannan gaskiya ce. Daba ta girmi kyamara. Tushenta na komawa ga 'yan farauta da 'yan tauri, sannan siyasar jam'iyyun NEPU da NPC ta shekarun 1950 ta mayar da ƙarfin samari kayan aiki, har kalmar "banga" ta shigo Hausa. Jamhuriya ta biyu ta gaje ta, ta huɗu ta raine ta. Kowace jiha da sunan da ta ba nata: 'yan kalare a Gombe, sara-suka a Bauchi, ƙauraye a Katsina, 'yan eriya a Sakkwato. Ƙwaya ma ba fim ya kawo ta ba. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 na ta'ammali da su a Nijeriya, kuma a shekarar ce gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin bayan wani rahoton BBC ya tona yadda ake safararsa. A lura da wannan: hoto ne ya tayar da gwamnati daga barci a kan kodin. Da an hana nunawa, da kwalabe na nan na yawo a fili.

'Yan fim kuma suna da dalilin jin tsoron almakashin hukuma. Ba su manta da Hamisu Lamido Iyan-Tama ba, wanda kotun tafi-da-gidanka ta ɗaure a ƙarshen 2008, zamanin shugabancin Abubakar Rabo a hukumar tacewa, kan fim ɗinsa Tsintsiya, fim ɗin da ke kiran zaman lafiya tsakanin ƙabilu da addinai. A wancan lokaci da yawansu tattarawa suka yi suka koma Kaduna suka ci gaba da aiki.

Abin da ya fi ba ni haushi a wannan gardama shi ne an bar jaki ana dukan taiki. A kwamfutar mai shagon nan na Boɗinga, jakar da ta fi kowace cika ita ce ta finafinan kudancin Indiya da aka fassara da Hausa, irin na kamfanin Algaita da makamantansu, inda jarumi ɗaya ke sare mutum hamsin kafin a tafi hutun rabin lokaci. Babu mai tace su kafin su shiga memori. Dokar Kano kuma iyakarta Kano. Ba ta da iko a Sakkwato, ba ta da iko a kan YouTube, balle a kan manhajar Xender da yara ke tura wa juna fim a ƙarƙashin bishiyar dalbejiya ba tare da ko sisin data ba. Hani yana iya rufe bakin mai fim mai rajista da ofishi, wanda za a iya kira a zauna da shi a gyara labari. Wanda ba shi da adireshi kuwa, ko a jikinsa.

Ba mu kaɗai ba ne

Wannan rigima ta zaga duniya kafin ta iso mu. A Ingila, bayan an riƙa ambaton A Clockwork Orange na 1971 a shari'o'in samari masu ta'asa, mai fim ɗin da kansa, Stanley Kubrick, ya sa aka janye shi daga ƙasar, bai koma sinima ba sai bayan rasuwarsa a 1999. A Amurka, Kids na Larry Clark ya raba kan masu sharhi gida biyu a 1995: wasu suka ce ƙararrawa ce ga iyaye, wasu suka ce cin amanar yaran da aka sa a ciki ne. A shekarar dai La Haine na Mathieu Kassovitz ya fito a Faransa, labarin samari uku na unguwannin talakawan gefen Faris da 'yan sanda. Ƙungiyoyin 'yan sanda suka fusata, amma firaministan lokacin, Alain Juppé, ya sa aka nuna wa ministocinsa shi. A Birazil kuma, da City of God ya fito a 2002 duniya ta yaba, amma wata malamar jami'a, Ivana Bentes, ta zarge shi da yi wa yunwa kwalliya, mazauna unguwar kuma suka koka cewa an ƙara shafa musu baƙin fenti. Ko a nan gida, Gangs of Lagos na Jade Osiberu ya sa 'yan asalin Isale Eko suka kai ƙara kotu a 2023.

Amma misalin da ya fi kusa da mu, kuma da Hausa aka yi shi, yana tsallaken iyaka. A 2021 Aïcha Macky, haifaffiyar Damagaram, ta fitar da Zinder. Ba ƙagaggen labari ba ne. Ta ɗauki kyamara ta shiga Kara-Kara, unguwar da aka daɗe da ware wa kutare da waɗanda gari ya ƙi, ta zauna da samarin ƙungiyoyin da ake kira "fale". Akwai waɗanda suka raɗa wa ƙungiyarsu suna Hitila, suna ɗaga tutarsa ba tare da sun san tarihinsa ba, suna ɗaga ƙarfen da suka haɗa da hannunsu. Akwai masu fasa-ƙwaurin fetur daga Nijeriya. Akwai tabon sara a jiki, kyamara ta tsaya a kansa har sai ka kawar da kai. Akwai tsohon shugaban ƙungiya da ya koma haya da babur, yana faɗin abin da ya aikata wa mata da bakinsa, kana ganin abin na cin sa.

Fim ɗin nan bai ɓoye komai ba, ya ma fi namu nuna muni. Amma ban ga yaron da zai kalle shi ya tashi yana gwada tafiyar kowa ba. Babu kiɗan da ke tashi in za a yi faɗa, babu kirari, babu kyamarar da ke durƙusawa ƙasa don mai wuƙa ya yi tsawo. Inda Macky ta ajiye kyamararta shi ne bayan an gama sara: kurkuku, ɗakin da ba abinci, mace mai ciki da ke jiran miji. Babu wurin da yatsa zai tsallake zuwa gare shi, don duk fim ɗin wurin nan ne.

A nan nake ganin masu hani da masu karewa duk sun kauce. Su na farko suna tambaya ko a nuna ko kar a nuna. Na biyu suna cewa ai mun nuna ƙarshensa. Ni tambayata ita ce: wa kyamara ke so? Shehu Usmanu a Kitabul Farƙi bai yi shiru a kan zaluncin sarakunan zamaninsa ba, ya lissafa shi ɗaya bayan ɗaya da sunayensa na Hausa. Bayyana ɓarna ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Abin da bai yi ba shi ne ya sa mai karatu sha'awar zama azzalumin.

Mutumin da ba ya fitowa a fim

Akwai ɗan ƙanwata a wajen Shagari, ya gama sakandare, ya je Legas ya yi kabu-kabu har aka hana haya da babur a manyan ƙananan hukumomi shida na jihar a Yunin 2022, ya dawo gida da jaka ɗaya. Damina yana gona, rani yana zaune. Na same shi da irin finafinan nan cike da waya, na yi masa faɗa irin na manya. Ya bari na gama, kansa a ƙasa, sannan ya ce, "Kawu, ai su kaɗai ka nuna mutum irina. Sauran duk ɗiyan masu kuɗi ne cikin mota."

Na rasa amsa. Yaron nan bai taɓa riƙe wuƙa da sunan faɗa ba, kuma ina roƙon Allah kar ya riƙe. Abin da yake nema a wayar shi ne ya ga saurayi marar ko sisi wanda duk da haka in ya shigo wuri ana miƙewa. Gari ya hana shi wannan, fim ya ba shi na awa ɗaya. In ka ƙwace fim ɗin ba ka ba shi komai ba, ƙishirwar na nan, kuma akwai masu jiran ta. 'Yan bindiga da suka tagayyara Isa da Sabon Birni, har hare-harensu suka fara taɓa ƙauyukan Tureta da Shagari, da samari suke aiki. Lakurawa a Tangaza da Gudu ma samari suke nema. 'Yan bindigar ma suna sakin nasu bidiyon a TikTok, da bindiga a kafaɗa da damin kuɗi a hannu, kuma babu hukumar da ke tace musu.

Sannan akwai mutumin da kusan duk finafinan daba ke tsoron haskawa sosai: mai babbar riga da ke zuwa da daddare a mota mai baƙin gilashi, ya sauke kuɗi da ƙwaya da adduna sabbi fil, ranar zaɓe ta wuce ya canza lambar waya. Kowa a Sakkwato ya san yadda 'yan eriya ke yawaita in kakar siyasa ta zo, ya san kuma wanda ke zuwa belin su. In ya fito a fim, sai ka gan shi a gurguje, kamar inuwa. 'Ya'yansa na karatu a waje, ɗan talaka na zubar da jinin ɗan talaka. Fim ɗin da zai bi kuɗin nan daga hannun da ya bayar har zuwa makabarta, shi ne fim ɗin daba na gaskiya, kuma ina zargin shi ne wanda zai fi shan wahala wajen samun izini.

Ba na goyon bayan hani na kai-tsaye, don ba ya kaiwa inda cutar take. Ba na kuma karɓar uzurin "faɗakarwa muke yi" daga wanda ya san sarai kirarin da ya rubuta ne yara ke haddacewa. Hukumar tacewa da ƙungiyar masu shirya finafinai ta MOPPAN suna iya zama da marubuta tun labari na kan takarda, su sa ƙa'idar shekaru a fuskar kowane kashi, su hana nuna yadda ake haɗa ƙwaya ko dabarun ƙwace dalla-dalla, su bar sauran. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo na da masana Hausa da na aikin jarida, gidan rediyo da talabijin na Rima na nan, kuma samarin da ke iya ɗaukar bidiyo da waya sun cika kowane gari.

Labarin saurayin Boɗinga da Shagari ba a taɓa yin fim ɗinsa ba. Ba lungun Kano ba ne nasa. Nasa shi ne albasar da ta ruɓe kafin ta ga kasuwa, da ruwan dam ɗin Shagari da yake kallo ba shi da injin ban-ruwa, da jirgin da ke tashi ta saman gonarsa daga filin jirgin Sultan Abubakar na Uku, da motar ci-rani da ke ɗaukarsa bayan girbi. Garin Shagari da ya fitar da malamin makarantar da ya zama shugaban ƙasa daga 1979 zuwa 1983 yana da samarin da ke da abin faɗa, da Sakkwatancinsu.

Ga masu shirya fim, ku zo da kyamararku nan, ku zauna da su kamar yadda Aïcha Macky ta zauna a Kara-Kara. Ga iyaye kuma, kafin ka ƙwace wayar ɗanka, zauna kusa da shi ku kalli kashi ɗaya tare daga farko har ƙarshe. In an zo wurin tsohuwar nan mai kuka ya kai yatsa zai wuce, ka riƙe hannunsa ka ce a bari ta gama magana.